Tukunya Cikin Tukunya: Tarihin Firjin Ƙasa na Jigawa

A shekarar 2000 kamfanin Rolex, mai ƙera agogunan alfarma a ƙasar Suwizalan, ya ba wani malami daga Jihar Jigawa kyautar dala 75,000. Sunansa Mohammed Bah Abba, yana koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar da ke Dutse. Abin da ya jawo masa kyautar ba shi da waya, ba shi da inji, ba ya shan mai. Tukwanen ƙasa ne guda biyu, ƙarama a cikin babba, an cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, an rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. A gwaje-gwajen da ya yi, yalon da kan yanƙwane cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku ko fiye, alayyahun da ba ya kwana biyu ya yi kwana 12 bai lalace ba.

Jaridun Turai da Amurka sun ba da labarin a matsayin hikimar mutum ɗaya da ya ceto ƙauyuka daga asara. Akwai gaskiya a ciki, amma sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci ga mai son tarihi. Ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana noma, tana gina tukwane, tana fama da zafin bazara, me ya sa sai a ƙarshen ƙarni na 20 ta buƙaci irin wannan tukunya? Ana iya ganin amsar a arewa maso yammacin Jigawa, daga duwatsun Kazaure da Roni zuwa Gwiwa, har rairayin Babura da ke bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar.

A wannan yanki ruwan sama na wata huɗu ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sauran shekara iska busasshiya ce, da farko mai sanyi da ƙurar hunturu, daga baya mai ƙuna a bazara. Mutanen da suka zauna a nan tun kafin Ɗan Tunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819 ba su yi gardama da wannan yanayi ba, sai suka gina girkinsu a kansa. Ganyen kuka a shanya shi a daka. Kuɓewa a yanka ta a baza a rana. Karkashi, rama, zogale, yakuwa, barkono, duk hanyarsu ɗaya. Kalwa a dafa ta a bar ta ta ruɓa da gangan, ta zama daddawar da za ta yi watanni a ajiye. Duk wanda ya lissafa miyar da aka fi ci da tuwo a ƙasar Hausa zai tarar mafi yawanta daga busasshen kaya ake yin ta. Uwargida ba ta da damuwar yadda ɗanyen ganye zai yi mako biyu, domin ba ta nufin ya yi mako biyu ɗanye. Na yau a ci yau, ragowar a miƙa wa rana.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san adana ɗanyen abu ba. Ya sani ƙwarai, idan abin ya kai a wahala a kansa. Goro shi ne shaida. Fataken da ke zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, sukan yi watanni a hanya kafin su iso Kano, goro kuwa da zarar ya bushe darajarsa ta faɗi. Sai a jera shi cikin huhu, a naɗe da ganyaye masu faɗi, a riƙa kwancewa a zango ana tsince wanda ya kamu, ana yayyafa ruwa, ana sake ɗaurewa. Danshi, inuwa, da ware ruɓaɓɓe daga mai kyau: waɗannan su ne dokokin da masana adana amfanin gona ke koyarwa a jami'a yau, fatake kuma sun yi aiki da su ƙarnuka da suka wuce. Bambancin shi ne goro kayan attajirai ne, ribarsa tana biyan wahalarsa. Ba wanda zai yi wa kwandon yalo wannan hidima.

Akwai kuma randa. Kowane gida yana da ita a ƙarƙashin bishiya ko a lungun zaure, sau da yawa a dasa gindinta cikin yashi, ruwanta kuma da sanyi ko a tsakiyar watan Afrilu. Ilimin da Bah Abba ya yi aiki da shi yana nan a tsakar gida tun fil azal. Abin da babu shi ne larura.

Larurar ta zo ne tare da tumatir. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kamar barkono da masara da gyaɗa, kuma jar miyar da ake ganin kamar da ita aka halicci shinkafa baƙuwa ce idan aka gwada ta da miyar kuka. Tun da can ana noman rani a fadamu, ana ban ruwa da jigo, amma lambu ne ɗan ƙarami gwargwadon ƙarfin hannun mai shi. Abin ya sauya a shekarun 1970. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin Jigawa tana cikinta, aka shiga gina madatsun ruwa, babbarsu Tiga da aka kammala a 1974, fari mai tsanani na farkon shekarun ya ƙara wa aikin gaggawa. Yankin Kazaure ya samu rabonsa: madatsar Muhammadu Ayuba a bakin garin, da ta Gari a kan iyakar Kano da Jigawa ta yau. A shekarun 1990 shirin Fadama, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Manomin da a da yake da 'yan komai na albasa sai ga shi da fili guda na tumatir, tattasai, attarugu, latas da kabeji.

Ruwa ya samu, amfani ya yawaita, amma duk ya nuna a lokaci ɗaya. Daga Janairu zuwa Afrilu kwandunan tumatir kan cika kasuwannin ƙauye, su cika 'Yankaba a Kano, motoci su ɗauki hanyar Legas mai nisan kilomita kusan dubu zuwa kasuwar Mile 12. Farashi ya faɗi warwas. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na tumatirin da Nijeriya ke nomawa yana lalacewa kafin ya shiga tukunyar miya. A teburin ciniki ma'anar wannan a fili take: dillali yana iya jira, mai tumatir ba ya iyawa. Wanda kayansa za su ruɓe jibi ba shi da bakin cewa albarka.

Dalilin ruɓewar yana da sauƙin fahimta. Tumatirin da aka tsinka bai mutu ba. Yana ci gaba da numfashi, yana ƙona sukarin da ya tara, yana fitar da ruwa ta fatarsa, sai dai yanzu babu saiwar da za ta mayar masa da abin da ya rasa. Zafi yana hanzarta wannan: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salsiyos kan ninka saurin numfashin sau biyu, wani lokaci har uku. Busasshiyar iska kuma tana zuƙe ruwan ganye har ya yi yaushi. Bazarar Babura, inda zafin rana kan haura digiri 40 iska kuma ta bushe ƙayau, ta haɗa makaman biyu.

Maganin da zamani ya kawo shi ne firji. Amma firji yana zaton akwai lantarki, kuma tun zamanin NEPA har zuwa na KEDCO wannan zato bai tabbata ba ko a cikin gari, balle ƙauyen da turakun wuta ba su kai ba. Akwai wani abin da ma masu firjin ba su cika sani ba. Firjin gida yana aiki ne a wajen digiri 4, sanyin da ya dace da nama da madara da kayan lambun ƙasashen sanyi. Tumatir, yalo, kuɓewa, gurji, mangwaro da ayaba 'ya'yan ƙasar zafi ne, idan suka daɗe a ƙasa da digiri 10 zuwa 13 sanyin yana yi musu lahani. Shi ya sa ɓawon ayaba ke yin baƙi a firji, tumatir kuma ya fito ba ɗanɗano. Abin da waɗannan kaya ke so shi ne sanyi matsakaici da iska mai laima.

A nan Bah Abba ya shigo. An haife shi a 1964 a gidan maginan tukwane, ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma yi aikin ba da shawara ga Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Jigawa, aikin da ya riƙa kai shi ƙauyuka. A 1995 ya fara gwada tukunya cikin tukunya, ya yi kusan shekara biyu yana gyara ta. Daga nan ya ɗauki magina aiki suka gina 5,000 da kuɗin aljihunsa, ya raba kyauta a ƙauyuka biyar. A 1999 ya ƙara 7,000 ga wasu ƙauyukan. Kuɗin gina kowace bai wuce santi 30 na dalar Amurka ba a lokacin.

Yadda take aiki shi ne yadda gumi ke sanyaya jiki. Tukunyar waje ba a shafe ta da komai ba, jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi ya zama tururi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya ci zafi, kuma ba kaɗan ba: lita ɗaya idan ta ƙafe takan tafi da zafin da ya isa a sauke sama da lita 50 na ruwa da digiri 10. Wannan zafi daga yashi da tukunyar ciki ake zaro shi. Ƙyallen da ke baki kuma yana riƙe laima, don haka ganye ba ya yaushi. Aikin mai gida shi ne ya ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ya jiƙa yashin sau biyu a rana.

Ba shi ne farkon ɗan Adam da ya gano wannan ba. Zane-zanen tsohuwar Masar na wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suna nuna bayi suna yi wa tuluna fifita. Mutanen Sifen suna da tulunsu na shan ruwan sanyi, masu haƙar zinariya a Ostireliya sun yi akwatin jiƙaƙƙen buhu a shekarun 1890, masana a Indiya sun gina ɗakin bulo mai bango biyu da yashi a tsakani a shekarun 1980, cibiyar binciken adana amfanin gona ta Nijeriya, NSPRI, mai hedikwata a Ilori, ita ma tana da nata samfuran. Abin da ya bambanta Bah Abba shi ne bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Ya san cewa abu ba ya yaɗuwa a ƙauye sai magini na kusa zai iya yin sa, mace za ta iya sayen sa da ribar sana'arta, kuma an ga amfaninsa da ido.

Hanyar da ya bi wajen tallata ta ma abin lura ce. Da ya ga takarda ba za ta yi aiki ba inda masu karatun boko ba su da yawa, sai ya shirya wasan kwaikwayo da 'yan wasan gida, aka ɗauka a bidiyo, ya riƙa yawo da janareta da farin ƙyalle yana haskawa da daddare. Dattawan da suka ga zamanin En'e ba za su ga baƙon abu ba: majigi ke nan, irin wanda gwamnatin mulkin mallaka da ta Jihar Arewa suka riƙa kaiwa ƙofar fada don koyar da tsafta da noman gyaɗa da auduga. Kyautar Rolex ta ba shi ƙarfin faɗaɗa aikin zuwa jihohin maƙwabta. A 2001 mujallar Time ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara, kuma zuwa 2005 adadin da aka raba ya haura 90,000. A Darfur ta ƙasar Sudan, ƙungiyar da yanzu ake kira Practical Action da Jami'ar Alfashir suka gwada ta, mata magina suka karɓa, daga can ne kuma sunan Larabci na zir ya bi ta duniya. Abin mamaki ne a ce tukunyar da ta tashi daga Jigawa an fi sanin ta a intanet da sunan randar Sudan.

Wasu daga cikin abubuwan da aka rubuta a kanta suna buƙatar a auna su. An sha maimaita cewa kashi uku cikin huɗu na gidajen karkarar Jigawa suna amfani da ita. Lissafi bai yarda ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum sama da miliyan 4, akasarinsu a karkara. Ko da tukwane 90,000 ɗin duka a Jigawa suka tsaya, ba su kusa kai wannan kaso ba, sai fa in magina sun yi ta kwaikwayo da kansu ninkin-ba-ninkin. Dubun dubatar gidaje nasara ce da ta isa a yaba, ba ta buƙatar ƙari.

Batun 'yan mata ya fi wannan nauyi, domin shi ne ya fi taɓa zuciyar Bah Abba. Hujjarsa ita ce: matar da ke kulle ba ta fita kasuwa, kayan lambu kuma ba sa jira, don haka dole 'yarta ta ɗauki faranti kullum ta yi talla maimakon zuwa makaranta. Idan kayan za su yi mako biyu, ana iya sayarwa daga gida a hankali, yarinya ta samu sarari. Hujjar tana da ƙarfi a gidan mai lambu. Amma binciken da Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna talla tana da wasu saiwoyin. Ita ce ƙafar sana'ar matan kulle gaba ɗaya, ita ce kuma hanyar tara kuɗin kayan ɗaki. Yawancin abin da ke kan farantin ma dafaffe ne, ƙosai, alala, fura, ɗanwake, waɗanda ba tukunyar da za ta hana a fita da su yau. Tukunyar ta cire dalili ɗaya daga cikin dalilai da dama. Wanda ya ɗora mata nauyin cika azuzuwa ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfin yumɓu.

Inda ba a gardama shi ne a wajen ciniki da tukunyar miya. Gidan da zai iya riƙe tumatir mako biyu yana iya saye ranar kasuwa da araha maimakon sayen kashi-kashi kullum da tsada, mai ɗan lambu kuma yana iya ƙin tayin farko. Nazarin da sashen D-Lab na jami'ar MIT ta Amurka ya yi a ƙasar Mali tare da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, wajen 2017, ya tabbatar da tushen abin: a lokacin zafi da bushewar iska irin waɗannan tukwane suna sauke zafi da digiri da dama, har kusan 10, suna kuma tsawaita kwanakin kayan lambu. Nazarin ya nuna ma ba lallai sai tukwane biyu ba, tukunya a cikin baho mai yashi, ko wadda aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, tana yin aiki.

Amma ba komai ake zubawa ciki ba, kuma a nan ne gidaje da yawa ke yin kuskure su ce tukunyar ba ta da amfani. Albasa da tafarnuwa bushewa suke so, laima ruɓar da su take yi. Nama da madara da magungunan da aka ce a sa a firji suna buƙatar sanyin da tukunya ba ta kaiwa. Nunannen tumatir, mangwaro da ayaba suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke hanzarta nunar na kusa da su, ta sa ganye ya yi rawaya, don haka ba a haɗa su da alayyahu ko latas a ciki ɗaya. Wanda ya fashe ko ya ƙuje a fara cinye shi, kamar yadda fatake ke tsince goro. Sai kuma ruwa: a ƙauyen da ake tafiya mai nisa kafin a cika jarka a watan Afrilu, zuba ruwa a yashi safe da yamma shawara ce da sai an yi lissafi.

Bah Abba ya rasu a 2010. Abin da ya biyo baya a harkar tumatir ya karkata ga manyan abubuwa. A 2016 Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa ta Jihar Kano, mai ƙarfin tan 1,200 a rana, a shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin Arewa, masana'antar kuma ta yi ta buɗewa tana rufewa. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, ya kawo ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, ana biyan kuɗin ajiya a kan kowane akwati a kullum. Waɗannan na kasuwa ne da 'yan gwari masu kaya da yawa. Matar da ke Gwiwa da rabin kwano na attarugu ba ta cikin lissafinsu. Ita abin da ke barazana ga tukunyarta shi ne ƙarancin magina, domin roba da jarka da kula sun ci kasuwar yumɓu, 'ya'yan magina da yawa kuma sun kama wata sana'ar.

Iyaka ta ƙarshe yanayi ne ya sa ta. Ruwa yana ƙafewa ne gwargwadon ƙishin iska. A ranar bazara mai digiri 40 da laima kashi 15 cikin ɗari, mafi ƙarancin zafin da ƙafewar ruwa za ta iya kaiwa yana wajen digiri 21, tukunya kuma takan tsaya a sama da haka. A watan Agusta, da zafi digiri 30 da laima kashi 80, iyakar ba ta wuce digiri 27 ba, wato kusan babu bambanci. Wannan ne ya sa tukunyar da ta yi suna a Jigawa da Darfur da Mali ba ta da tasiri a Legas ko Fatakwal. Sa'ar da Arewa ta yi ita ce watannin da tumatir ke ambaliya su ne watannin da iska ta fi bushewa.

Su ne kuma watannin shanya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure a ƙarshen rani zai ga jan tumatir da aka tsaga an baza a ƙasa da kan duwatsu, ana yin kauɗa, tsohuwar dabarar kuka da kuɓewa da aka ɗora wa baƙon amfani. Idan ruwan Yuni ya sauka, lambuna suka koma gonakin gero da dawa, ɗanyen tumatir ya yi tsada, iska ta yi nauyi, tukunyar ba ta da sauran abin yi sai a juye yashin a kife ta. Buhunan kauɗa ne ke fitowa kasuwa, da su ake jan miya har kaka.